Tagar Yaya

Yaya ba ta nemi komai a gidan ƙanenta ba sai ɗaki mai taga. Ba ta ce a ɗinka mata sutura ba, ba ta ce a kai ta yawo a mota ba. Tsohuwa ce mai ciwon ƙirji, kuma ta san maganinta: hantsi. Ɗakin da aka ba ta lokacin da ƙanen nata, Farfesa, ya ɗauko ta bayan rasuwar mijinta yana da taga mai duban gabas. Da rana ta ɗaga sai haske ya sauko kan gadonta, ta juya masa baya ya yi ta gasa ta har majinar da ta kwana a ƙirji ta saki. Sannan ta tashi ta zama mutum.

Shi kuwa Farfesa ai kun san irinsu. Malamin adabi ne a jami'a. Aikinsa ya karanta littafin da wani ya sha wuya ya rubuta, ya faɗi inda aka yi daidai da inda aka kwafsa. Jarida ba ta fita babu sharhinsa. In wani marubuci ya mutu shi ake kira gidan rediyo, ya yi ta magana har mata su riƙa share hawaye a kicin. A waje kowa Farfesa, Farfesa. Ita kaɗai ke ce masa Auta, don a bayanta ya yi wayo bayan uwarsu ta rasu, kuma ba ta ga dalilin canza masa suna don ya yi furfura ba.

To mutumin nan yana da wata irin hanyar aiki. In zai rubuta littafi, ba ya barin littattafan da yake nazari a kan kanta kamar mutanen kirki. Buɗe su yake yi, kowanne a shafin da yake so, ya baje su a ƙasa, wannan kusa da wancan, wancan ya ɗora kai a kan na gaba, ya bar 'yar siririyar hanya da zai riƙa bi yana ɗage wando kamar mai tsallake kwata. Wai yadda suke a shimfiɗe haka tunaninsa yake a shimfiɗe, in an taɓa ɗaya an taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kowane babi da ɗakinsa. Babin farko ya cinye ɗakin karatunsa. Na biyu ya cinye ɗakin baƙi. Yaran gidan suna makarantar kwana, sai na uku ya miƙe ƙafa a ɗakinsu.

Wata safiya Yaya na kwance tana shan hantsinta sai ga shi ya shigo.

"Yaya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Auta. Yau kuma da wacce aka zo? Ba ka leƙo ni da farar safiya sai da dalili."

Ya yi dariya, amma idonsa ba a kanta yake ba, yana kan daɓen ɗakin, yana auna shi daga bango zuwa bango.

"Wani ɗan taimako za ki yi min. Babin ƙarshe ya rage. Aron ɗakin nan nake so."

"Ni kuma in kwana ina? A kan bishiya?"

"Haba Yaya. An gyara miki ɗakin bayan kicin. Kafin ruwa ya sauka na gama, ki dawo abinki."

"Shi babin na mene ne?"

Nan fuskarsa ta washe, ya gyara tabarau. "Kan yadda marubuta ke wulaƙanta tsofaffin mata ne a labaransu. Ba sa ba su murya, Yaya. Sai a jefa su can bayan labari kamar tsumma, a manta da su."

"Allah sarki," in ji Yaya. "To Allah ya saka musu."

Ɗakin bayan kicin sito ne, kada wani ya yi muku daɗin baki. An dai ture buhuna gefe, an share, an jefa katifa a ƙasa, don gadon ma bai biyo ta ba, Farfesa ya ce zai yi amfani da samansa. Taga babu, sai wata 'yar kafa can kusa da rufi da aka toshe da waya saboda ɓeraye. Bango ɗaya jikin banɗaki yake, kullum yana zufa kamar mai zazzaɓi. Warin albasa da kalanzir sun kama ko'ina. In an ɗauke wuta kuma janareta na bayan ɗaya bangon yana kwarara mata hayaƙi.

Ba a daɗe ba tarin ya canza murya. Da can na safe ne, ya yi sallama ya tafi. Yanzu ya tare, ya kawo kayansa.

Bayan gidan rana ba ta sauka, benen maƙwabta ya tare ta. Sai Yaya ta riƙa jan 'yar kujerarta zuwa barandar gaba, daidai ƙarƙashin tagarta ta da, ta zauna ta ba hantsi baya. Ana nan rannan tagar ta buɗe, kan Farfesa ya leƙo.

"Yaya, don girman Allah, tarin nan. Jimla ta zo min har bakin alƙalami, kika kore ta."

"In ta dawo ka gaishe ta. Ni ma ba ni na gayyato shi ba."

"Ki ɗan matsa can wajen ƙofar gida mana."

Ta matsa. A can ma ba ta tsira ba. Ɗalibansa na zuwa da takardunsu a hammata, su tarar da tsohuwa a bakin ƙofa tana tofa majina a gwangwani. Matar Farfesa, wadda ke aikin ofis, ta same ta da lallashi.

"Yaya, ba wai ina hana ki ba ne. Amma kin san mutanen nan da surutu. Sai su je jami'a su ce mun bar ki a waje."

"To ƙarya za su yi, 'yar nan?"

"Ki yi haƙuri dai. Ni ma fa a gefen katifa nake kwana, rabin gadonmu mujallu ne. In littafin nan ya fito shi ke nan, kowa ya huta. Mutum irinsa sai an yi masa uzuri."

Uzuri. Kalmar gidan ke nan, da ita ake karyawa da safe, da ita ake cin na rana.

Ruwa ya sauka, babi bai ƙare ba. Bangon sito ya tashi daga zufa ya koma kuka. Fumfuna ta fito baƙa ƙirin a gindinsa, ta hau akwatin kayanta, zannuwanta suka riƙa warin rijiya. Ƙafafunta suka kumbura. Matar Farfesa ta kai ta asibiti, likita ya ɗora abin saurarensa a bayanta ya saurara, sannan ya tambayi inda take kwana. Matar ta ce, "Ɗakinta ne a gida." Likita ya ce ko ma ina ne a fitar da ita, a ba ta wuri busasshe mai iska da rana, in ba haka ba magani aikin banza zai yi.

Da aka faɗa wa Farfesa ya dafe kai, har ga Allah ransa bai so ba. Ya aika aka sayo bargo mai kauri, da duk magungunan da aka rubuta, har da wanda ba a rubuta ba. Ya zo bakin ƙofar sito ya tsaya, bai shiga ba, don warin na sa shi atishawa.

"Yaya, saura ƙiris. Wallahi na hango ƙarshensa. Ki ƙara min ɗan lokaci."

"Auta, lokacin ai ba a hannuna yake ba da zan ƙara maka."

"Kin fara maganganun nan naki," ya ce, ya yi murmushi ya juya.

Sai aka gayyace shi wani taro a wata jami'a, ya yi tafiya. Kashegari da safe, bayan matar ta fita aiki, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya biyo ta ƙarƙashin ƙofar kicin ya shiga sito, ya sha katifa, ya sha bargon mai kauri. Yaya ta tashi jiƙe sharkaf, haƙora na haɗuwa, ta dafa bango ta shiga cikin gida. Ba ta yi niyyar komai ba. Ƙafa ce kawai ta kai ta ƙofar da ta sani, ta tura, ta buɗe.

Ga gadonta nan a bushe, littattafai sun yi masa rumfa, kowanne baki buɗe, ƙura ta kwanta a kansu. Ta san dokar, ba a taɓawa. Amma ita a nata hankalin, abin da yake tsoro shi ne shafi ya ɓace masa. To wannan ai mai sauƙi ne. Ta ɗauko tsintsiya ta riƙa zarar tsinke, ta sa a tsakiyar littafi daidai inda yake a buɗe, ta rufe, ta goge bangon da gefen ɗankwalinta. Da ta gama da na kan gado ta dubi na ƙasa, suka ba ta tausayi, ta ce rabin aiki ba aiki ba ne. Tana yi tana hutawa tana tari, har ta tattara su kaf. Ta jera su jikin bango yadda ake jera kwanuka, manya a ƙasa, ƙanana a sama, tsaf, gwanin sha'awa.

Kafin ta gama ruwa ya ɗauke, gari ya washe, sauran hantsi ya faɗo kan gado. Ta kwanta ta ba shi baya. Rabonta da barci irin wannan tun ranar da aka yi aron ɗakin.

Da matar ta dawo ta gani sai ta ɗora hannu a ka. Shi kuma da ya dawo daga tafiyarsa, jakarsa ma bai ajiye ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana duban daɓen da aka share.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Auta. Kwantar da hankalinka, ba abin da ya ɓata. Duba, kowanne na sa masa tsinke."

"Tsinke." Ya ɗauki ɗaya, ya jefar. "Tsinke! Ba shafin ba ne, Yaya! Wa ke kusa da wa, wa ke amsa wa wa, shi ne aikin! Shi ne babin gaba ɗaya!"

"Au, su ma maƙwabtaka suke yi?"

"Kin san abin da kika rusa? Wata da watanni ina gina shi!"

"Ruwa ne ya cinye min katifa."

"Sai ki jira in dawo!"

"A tsaye?"

Ya juya ya fita. Ranar aka sa wa ɗakin kwaɗo. Aka kira kafinta ya haɗa mata ɗan benci a sito don a ɗaga katifa daga ƙasa, aka shanya bargo aka mayar mata. Kafintan, wani mai yawan barkwanci da fensir a bayan kunne, ya dubi bangon ya dube ta.

"Gwaggo, nan ai ko katakona ba zan ajiye ba, sai ya kumbura."

"Ni ma ga shi na kumbura, Mai guduma. Buga ƙusarka ka tafi."

Daga ranar laifi ya tashi daga kan kowa ya dawo kanta. In ta ce yaushe, sai a ce da tuni an gama, ke kika mayar da hannun agogo baya. Matar ta daina lallashi, ta koma ajiye kwanon abinci a bakin ƙofa da "Ga shi nan, Yaya." Ɗalibai suka ji labari, suka riƙa kallonta a kaikaice kamar wadda ta cinna wa gida wuta. Ita kuma ta daina fita baranda, don ƙafar ba ta kai ta. Magana ma sai ta raba ta biyu, ta huta a tsakiya. Takan kwanta tana kallon 'yar kafar nan ta sama, in ta yi fari ta san gari ya waye, in ta yi toka ta san ya tafi.

Littafi dai ya fito. Aka yi taro, aka tafa, motoci suka cika layi. Daga inda take kwance ta jiyo muryarsa a rediyon kicin, a natse, mai daɗi, yana cewa al'ummar da ta tura tsofaffinta bayan gida ta tura zuciyarta ne. Mai tambayar ya ce kai, Farfesa, ka taɓa mu. Yaya ta so ta yi dariya, tari ya ƙwace.

Bayan 'yan kwanaki ta fara jin bugun guduma daga wajen ɗakinta. Matar ta leƙo da fara'a ta ce gyara miki ake yi. Yaya ta ji wani sanyi a ranta. Ta sa aka wanke mata zanin gado. Ta ce ashe dai Auta bai manta ba, yaron nan tun yana ƙarami haka yake, sai ya gama ɓata maka rai ya zo ya kwanta a cinyarka.

Shi da kansa ya zo ya kama hannunta, matar ta kama ɗayan, suka kai ta.

"To Yaya, alkawari ya cika. Ga ɗakinki."

Ga gado nan a inda yake. Amma bango huɗun nan duk kanta ce, daga ƙasa har rufi, an shafe ta da mai tana ƙyalli, littattafan da suka cinye ɗakuna an kwaso su an jera. Ta duba gabas. Katako. Ta sake dubawa, ko idonta ne.

"Auta, tagar fa?"

"Tana nan a baya. Kin san rana ba ta shiri da takarda, Yaya. Cinye launin bango take yi, shafi ya yi ja ya riƙa karyewa. Wasu a nan ko an nema ba za a ƙara samunsu ba. Amma ga ƙwan lantarki mai haske, ga fanka sabuwa. Kuma ɗakin a bushe yake, ba abin da likita ya ce ke nan ba?"

"Ya ce har da rana."

"To ai ba a samun komai duka a duniya," in ji matar, tana gyara matashin kai.

Yaya ta zauna a bakin gado. Ba ta da numfashin faɗa.

Kafinta ya dawo washegari kwashe kayan aikinsa, masu gida ba sa nan. Ta kira shi da hannu.

"Mai guduma, kai ka rufe min ido?"

"Gwaggo, aikin da aka sa ni na yi. Na faɗa wa Yallaɓai, ya ce in yi abin da na iya in bar masa abin da ya iya."

"To ɗan huda min. Ko yaya ne."

Ya sosa ƙeya, ya leƙa waje, ya dawo. Akwai wani gurbi a kantar da ke saitin gadon wanda littafi bai kai gare shi ba. Ya sa zarto ya yanke katakon bayan, faɗin faranti, har gilashin taga ya bayyana.

"In Yallaɓai ya tambaya, gara ce ta ci."

"Gara mai fensir a kunne," in ji Yaya. Ranar ta yi dariya har da hawaye.

Da safe hasken ya shigo, ɗan kewaye kamar faranti, ya sauka a kan zanin gado. Ta matsa ta sa masa kafaɗa. Da ya gusa ta gusa, ta ba shi tsakiyar baya, ta bi shi har ya hau bango ya ɓace. Haka ta riƙa yi kullum, tana bin ɗan farantin rananta a kan katifa kamar kyanwa. Majina ta fara saki. Har ta soma cinye abincinta.

Sai rannan da hantsi Farfesa ya shigo rungume da kwali, kofe-kofen sabon littafinsa ne da maɗaba'a ta aiko masa. Yana ta waige-waige.

"Yaya, sannu da hutawa. Ina zan sa waɗannan kuma? A'a! Ga wuri an bari."

Hasken na kan hannunsa lokacin da yake jera su. Wallahi bai gan shi ba. Gurbi kawai ya gani, kuma shi mutum ne da ba ya iya ganin gurbi a kanta ya ƙyale. Ya jera, ya jera, na ƙarshen ya ƙi shiga, ya sa tafin hannu ya buga shi har ya zauna daram. Ɗakin ya koma hasken ƙwan lantarki.

Ya rage guda a kwalin, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Wannan naki ne. Ke na sadaukar wa, yana nan a shafin farko. In karanta miki?"

Ta karɓa, ta ɗora a cinya, ba ta buɗe ba.

"Bar shi. Na gode, Farfesa."

Ya yi dariya, ya ji daɗi. "Yau kuma ni ne Farfesa? Lallai littafin nan ya yi albarka." Ya ɗauki kwalinsa ya fita yana 'yar waƙa.

Da ya tafi ta ja jiki zuwa kantar. Ta sa yatsa, ta sa farce, ta ja. Ko motsi ba su yi ba. Ta huta, ta sake gwadawa har farcen ya tsage. Sannan ta koma ta kwanta, ta juya wa kantar baya yadda ta saba, ko da yake babu abin da ke zuwa.

Tana nan da ranta har yau da ake ba ku labarin nan. Tarin ya dawo, ya fi na da. Ranar da ta cika, ku sa ido a jarida, za ku ga abin da zai rubuta. Zai faɗi bayan da ya goya shi, zai faɗi hannun da ya ba shi abinci, zai jera kalmomi wannan kusa da wancan har ku ajiye ludayi ku yi kuka a kicin. Ya iya, ba wanda ya ce bai iya ba.

To ku masu tafa masa, ku ɗalibai masu ɗaukar masa jaka, ku masu kiransa rediyo, ku riƙe hawayenku, ba ta da abin da za ta yi da su. Gidan ba ɓoyayye ba ne, kullum kuna ciki kuna shan shayi. In kun shiga ku wuce falo, ɗaki ne a hannun dama, ku yi sallama da ƙarfi don kunnen ya fara nauyi. Kantar da ke saitin gadon, inda littattafai iri ɗaya suka yi layi, nan ne. Ku sa hannu ku zare su. Ba sai an yi digiri ake wannan ba, ƙarfin yatsa kawai yake so, shi ne kuma ya ƙare mata.